Tire Huɗu Masu Jan Fenti

Wari ne yake fara zuwa mini kafin komai. Wani wari mai kama da na busasshen kifi da ruwa ya taɓa, wanda ke tashi da zarar an buɗe ƙaramar kwalbar gam, ya gauraya da hayaƙin kwal na jirgin ƙasa da ke shigowa ta taga. Ko yanzu in na bi ta layin masu kifi a kasuwa da damina, sai in tsinci kaina tsaye a wata safiyar Juma'a ta watan Agustan 1976. Ranakun aiki da yawa sun shige mini, wannan kuwa ta ƙi tafiya. Ku da kuka same ni da furfura kuna yawan tambayata me ya sa nake tsayawa a kan sabon ma'aikaci kwana da kwanaki, maimakon in miƙa masa takarda in wuce. To ga inda abin ya samo asali.

Shekarata goma sha tara a lokacin. Na gama sakandare ina jiran sakamako, sai fastonmu ya yi mini hanya a wani ɗan wurin aiki da ke bayan tashar jirgi a Kafanchan. Tsohon sito ne aka share aka jera tebura huɗu a ciki. Aikinmu haɗa abin kunne na ƙananan rediyo, irin wanda mutum yake saƙalawa ya saurara shi kaɗai. Ana kai rediyon makarantun ƙauye domin malamai su riƙa bin darussan da ake watsowa. Kaya sukan zo daga Kaduna a jirgi, mu haɗa, su koma a jirgi.

A cikin kowane abin kunne akwai wata 'yar aba da muke ce wa ƙwaya, siririya kamar ɓawon albasa, faɗinta bai kai farce ba. Ita ce ke mayar da wutar lantarki ta zama murya. Dole a liƙa mata waya biyu. A sauran kayan rediyo da dalma ake liƙi, amma zafin dalma yana kashe ƙwaya nan take. Shi ya sa muke amfani da gam mai azurfa, wato gam da aka zuba wa garin azurfa a ciki. Gam ɗin ya riƙe wayar, azurfar ta ba wuta hanyar wucewa. Kwalba biyu ne: babba mai gam ɗin, launin toka, da ƙarama mai ruwan nan mai wari wanda ke sa shi daskarewa. A ɗiba daga kowace a kan ɓallin gilashi, a cakuɗa da tsinke, a ɗiga a kan ƙwaya, a kwantar da waya, a bar tiren ya kwana. Ɗigon bai fi ƙwayar acca biyu ba. Nakan zauna ina tunanin yadda muryar wani malami za ta taso tun daga Kaduna, ta ƙetare duwatsu da koguna, ta zo ta bi ta kan wannan ɗan ɗigo kafin ta shiga kunnen mutum. Har baitoci na rubuta a kai a bayan littafina, waɗanda na gode wa Allah da suka ɓace.

Muƙamai a wurin ba su da yawa. Mai koyo takan yi wata uku tana yanka waya da feɗe bakinta, ba ta taɓa gam. In ta wuce, sai ta zama mai haɗi, a ba ta launin fenti nata, ta riƙa ɗiga shi a bayan duk abin da ta haɗa domin a san hannun wa ne. Kowane tebur yana da shugaba, ita ke riƙe kwalba. Sama da mu duka akwai foman, Malam Bitrus, wanda ya taɓa gyaran wayar tangaraho a layin dogo, mutum marar yawan magana, kullum da fensir a bayan kunne. Sama da shi kuma akwai injiniya a Kaduna, wanda ba mu taɓa ganin fuskarsa ba sai wasiƙunsa.

Ni mai koyo ce a teburin ƙarshe, kusa da taga, mu biyu kacal da Mama Asabe. 'Yar wajen Nok ce, mijinta lebura ne a layin dogo, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Ba ta karatu, amma tun da aka buɗe wurin ba a taɓa dawo da abu mai jan fenti ba, ja kuwa nata ne. Ita ta laƙaba mini Sakandare, har sunana Rifkatu ya ɓace a wurin. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta.

"Kai Sakandare," takan ce, "ka bar kallon taga. Jirgi ba zai tafi da kai ba."

Ranar wata Lahadi aka aiko cewa ƙanenta ya rasu a Nok. Dokar wurin ta ce kwana biyu ne na rasuwa, wanda ya wuce haka ba tare da takardar likita ba an sallame shi. Daga Kaduna dokar ta zo, kuma ina jin wanda ya rubuta ta bai taɓa zaman makoki a ƙasarmu ba. Mama ce babba a ɗakinsu. Ita za ta zauna da matar mamacin, ita za ta karɓi masu gaisuwa, ga shi mota ba kullum take shiga ba, in ma ta sauke mutum sai ya ƙarasa da ƙafa. Malam ya ba ta Litinin da Talata. Ranar Talatar shi ma ya hau jirgi zuwa Kaduna karɓo kaya, ya ce sai Alhamis da yamma.

Laraba ta zo, kujerar Mama ba kowa. A teburin farko akwai wata mata, ita ma Laraba sunanta, 'yar wajen Zangon Kataf, mai baki kamar reza, mai murya a kwayar mawaƙan coci kamar ba ita ba. Ta dubi kujerar, ta dube mu.

"Gayya za mu yi," ta ce. "Lokacin burek kowa ta zo ta yi kaɗan, mu sa mata janta. Oga ya dawo ya ga tire cike, shi ke nan."

Ba wadda ta ɗauki abin a matsayin ƙarya. Dukanmu a gona muka tashi, mun san in an taru an nome wa mutum gonarsa, amfanin nasa ne, ba mai zuwa ya ce kunyar nan tawa ce.

"Ke Sakandare, ai ke ce mai turanci. Ki karanta takardar ki haɗa gam ki ajiye mana. Mu in mun zo sai ɗigawa, ba mu da lokaci."

Ban ɓoye muku ba, na ji daɗi. Wata biyu ina yanka waya ina kallon kwalbar nan daga nesa. Na ɗauko takardar da ta zo da ita na karanta sau uku. Ta ce a ajiye a wuri mai sanyi, a ɗibi daidai da daidai daga kwalaben biyu, a cakuɗa su minti ɗaya, a yi amfani da shi kafin awa guda. Na buɗe babbar kwalbar, wadda ba a taɓa ba tun Juma'ar da ta wuce. Samanta ya kwanta luf yana sheƙi, kamar tafki da asuba. Na sa tsinke na ɗiba daga sama a hankali, yadda mahaifiyata ta koya mini ɗibar ruwan randa da man ja, kada in tayar da abin da ya kwanta a ƙasa. Na ƙirga minti ɗaya da agogon bango. Matan suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, da rogo a hannu ɗaya tsinke a ɗaya, suna ɗigawa suna komawa. Laraba da Alhamis muka cika tire huɗu. Na ja wayoyin da yatsa yadda ake yi, ko ɗaya ba ta motsa ba.

Juma'a da sassafe Mama ta iso, ƙafafunta duk laka, baƙin ɗankwali a kanta. Muka yi mata gaisuwa. Laraba ta raɗa mata abin da aka yi. Ta tsaya ta daɗe tana kallon tirorin, sannan ta ce, "Ubangiji ya saka muku," ta zauna.

Duk Juma'a foman yake gwajin aikin mako. Yana da wani ɗan akwati mai batir da ke yin fito. Ya jona abin kunne, ya saƙala, in ya ji fito ya jefa a kwandon dama. Ranar ya gama da kore, ya gama da shuɗi da rawaya, ya jawo tiren ja na farko. Ya jona, ya saƙala, ya kasa kunne. Ya cire, ya buɗe akwatin ya duba batir. Ya ɗauko wani kore daga kwando ya gwada, har daga inda nake na jiyo ɗan fiton. Ya koma kan ja na biyu, na uku, na goma. Wasu ba komai. Wasu, in ji shi, kamar sauro a ɗakin maƙwabta. Ya sa yatsa ya ja waya da ƙarfi, tana nan daram.

"Mama Asabe."

"Malam."

"Aikinki ne wannan?"

"Jan fenti nawa ne, Malam."

"Ba fenti na tambaya ba."

"Ni ne mai ja a gidan nan."

Ya cire fensir daga bayan kunne, ya juya shi, ya mayar. Ya ce mun san doka. Tire ɗaya in ya lalace gargaɗi ne, in ya wuce ɗaya sai suna ya tafi Kaduna, wanda sunansa ya tafi kuwa ba ya dawowa tebur. Ƙwayar da gam ya kama ba ta ciruwa, tire huɗun nan sun tafi ke nan. Akwatin kaya zai bi jirgin Litinin da rana, da rahoto a ciki.

"Yau kada ki taɓa kwalba. Litinin da safe ki haɗa mini shida a gabana," ya ce. "Ina so in gani da idona."

Da aka tashi, Laraba ta ja ni bayan sito ta riƙe mini hannu.

"Na ga bakinki yana motsi. Ki ɗinke shi."

"Amma ni na haɗa gam ɗin."

"To sai me? Ki ce ke kika haɗa, Oga ya ce ina Mama take, ki ce me? Tana bayan gida kwana biyu? In an yi shiru, ƙila a ce kuskure ne a tausaya mata. In kin yi magana an kama ta da fashin aiki, an kama ki da taɓa gam, an kama mu duka da fenti. Karatunki bai kai nan ba?"

Bai kai ba kuwa. Ta kowace hanya na bi da tunanina, sai in tarar da Mama a ƙarshenta tana naɗe tabarmarta. Abin da ya fi damuna shi ne ban san laifin da na yi ba. Da na san shi, da na ɗauke shi na kai wa Malam a hannu. Matan ma kowa da nata. Wata ta ce laimar damina ce, aka ce ai ruwan bai tsallake sauran tebura ba. Wata ta ce gam ɗin ya tsufa, aka ce rana ɗaya kwalaben suka zo. Wata dattijuwa ta yi ƙasa da murya ta ce mamacin ne bai ji daɗi ba, ana makokinsa a can, a nan kuma sunan yayarsa yana aiki.

"Ke da kike ɗaukar Littafi Mai Tsarki zuwa zumuntar mata?" in ji Laraba. "Mamaci ya rasa abin yi sai shiga rediyo?"

Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Ni kaina, da sakandarena, na juya maganar a raina fiye da sau ɗaya.

Ranar Asabar na kwafe takardar da hannuna, na fassara ta Hausa, na mayar da ita Turanci, ko wata kalma ta ɓuya mini. Ba abin da na tsallake. Na zauna a bakin ƙofarmu ina kallon ruwa yana zuba daga kwano, ina tambayar kaina yadda abu zai riƙe gam-gam haka, a ja shi ya ƙi saki, amma ya zama bebe. Mahaifiyata ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce eh, domin ya fi sauƙin bayani.

Lahadi bayan sujada na bi Mama gida, wani ɗaki ciki da falo a bayan kwatas ɗin ma'aikatan jirgi. Na same ta a tsakar gida da 'yan matanta biyu suna tsince wake. Ta sa aka ba ni kujera, ta jawo ƙwaryar kunu.

"Mama, ni na haɗa gam ɗin."

"Na sani. Laraba ya faɗa mani. Yaya ka yi?"

Na lissafa mata ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe, na ɗiba daga babba, na ɗiba daga ƙarama, daidai da daidai.

"Haka ne."

Na cakuɗa minti ɗaya.

"Ni ba na duba agogo, amma haka ne."

Ba mu wuce awa ba. Gilashin na wanke shi. Tsinken sabo ne.

"To ai haka ni ma nake yi," ta ce. Goshinta ya tattare. "Ka tabbata ba ka sa wani abu ba?"

"Ban sa ba, Mama."

"Ba ka rage wani abu ba?"

"Ban rage ba."

Tana wannan tambaya tana juya kunun da ludayi tun daga gindin ƙwarya kafin ta zuba mini, kuma daga ni har ita ba wadda ta lura da abin da hannunta yake yi. Na sha kunu, muka yi ta kallon juna. Na tambaye ta ko in faɗa wa Malam gaskiya.

"Kun yi mani alheri, in juya in sa ku a wuta? Ka bari. In aiki ya tafi, citta na nan a gida, zan koma in fere." Ta dubi 'yan matan, ta rage murya. "Sai dai makarantar waɗannan."

Ta riƙe hannuna muka yi addu'a. Ni dai ban san abin da zan roƙa ba, na bar ta ta roƙa mana.

Litinin ƙarfe takwas Malam ya jawo kujera ya zauna a gefen teburinmu. Sauran matan suka sunkuyar da kai kamar masu aiki, amma ba tsinken da ke motsi. Na jera wa Mama ƙwaya shida da wayoyinsu. Ta goge hannu a zaninta, ta ɗauki babbar kwalbar ta murza ta tsakanin tafukanta, ta buɗe, ta soka tsinke har ƙasa za ta juya. Tsinken ya ƙi juyawa. Ta sake shi, ya tsaya cak a tsakiyar kwalbar shi kaɗai. Ta karkata ta wajen haske ta leƙa.

"A'a," ta ce, da ƙarfi, kamar tana tsakar gidanta. "Wa ya sha ruwan ya bar gasara?"

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta faɗa. Ta rufe baki da hannu.

A nan na gane, kuma ganewar ta zo mini kamar an watsa mini ruwan sanyi. Azurfa tana da nauyi. Kwana biyar kwalbar tana zaune, garin ya sauka ƙasa, gam zalla ya taso sama. Ni kuwa na bi saman nan a hankali na kwashe, ina murna ban tayar da laka ba, alhali lakar ita ce abin da aka sayo daga ƙetaren teku. Mama kullum sai ta juya kafin ta ɗiba, sauran shugabannin tebur ma haka, amma ba wadda ta ɗauke shi wani mataki na aiki da za a faɗa wa mutum. Wanda ya rubuta takardar ma bai faɗa ba.

Amma tambayar ta riga ta fita, kuma duk mai kunne ya san ma'anarta: wani ya taɓa kwalbar Mama, Mama kuma ba ta nan aka taɓa. Na dubi Malam. Yana kallon taga, inda wani kan jirgi yake ja da baya yana huci, kamar bai taɓa ganin jirgi ba.

"Malam," na ce, "ni ce na..."

"Sakandare, wayar teburin farko ta ƙare."

"Malam, ni na haɗa gam ɗin. Daga sama na ɗiba. Ban san ana juyawa ba."

Laraba ta saki tsinkenta ya faɗi ƙasa. Malam ya juyo ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, ba kuma wani abin da zan iya karantawa.

"Na tambaye ki?"

"A'a, Malam."

"Mene ne launin fentinki?"

"Ba ni da shi tukuna."

"To takardar Kaduna ba ta da layin wanda ba shi da fenti. Je ki yanko waya. Mama, ina jiran shida."

Mama ta yi ta fama da tsinke har ta samu abin ya ɗan motsa. Ya yi kauri kamar tuwon jiya. Ta haɗa shidan, Malam ya ɗora su kusa da fitilar tebur domin su yi saurin kamawa, muka jira har wajen sha ɗaya. Da ya jona na farko sai da ya janye kansa, fiton ya yi ƙarfi har muna ji daga teburinmu. Wata ta ce, "Mun gode Yesu." Sai ya sa yatsa ya ja wayar, ta ɓalle a hannunsa kamar busasshiyar laka. Na biyu haka, na uku haka. Gam ɗin da zai riƙe azurfar na riga na kwashe shi. Ke nan bayan tire huɗu, kwalbar ma ta tashi aiki.

Yanzu kam na daina fahimtar komai. Mama ta ci gwajin ko ta faɗi? An ji maganata ko ba a ji ba? Malam ya ɗauki kwalbar, ya rufe ta, ya shiga ɗan ofishinsa ya ja ƙofa. Muka ji tafireta tana ƙara, ta tsaya, ta daɗe a tsaye, ta ci gaba. Ƙarfe ɗaya ya fito da ambulan a liƙe, ya sa a akwatin kaya, ya buga ƙusa da kansa, ya raka masu ɗauka har tasha. Da ya dawo ya ce teburin farko su riƙa ɗibar wa Mama daga kwalbarsu kafin sabuwa ta zo.

Mako guda muna jiran wasiƙa. Duk jirgin da ya tsaya sai Mama ta ɗaga kai. Wasiƙa ta zo, Malam ya karanta a ofis, ya sa a aljihu, ya fito ya tambayi wa ta bar taga a buɗe. Laraba ta ce ƙila sai ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, Mama tana kan kujerarta. Na taɓa tarar da shi shi kaɗai na ce, "Malam, maganar nan fa?" Ya ce, "Wace magana?"

Abu ɗaya kawai ya canja. Ya kawo mini kwali da alƙalami ya ce in bar yankan waya na mako guda, in zauna in kalli hannun Mama, in rubuta duk abin da ya yi.

"Ban ce abin da ta faɗa miki ba. Abin da hannun ya yi. Ko soshi ta yi, rubuta, daga baya ma tace."

Mama ta ce ita ba ta taɓa ganin aikin banza irin wannan ba, an sa mai sakandare gadin yatsu. Amma kafin Juma'a na rubuta abu tara da babu su a takardar Turawa. Tana murza kwalba a tafi domin ta ɗan yi ɗumi. Ba ta shafa mai a hannu ranar aiki sai an tashi. Tana kama ƙwaya ta gefe, ba ta taɓa fuskarta. In hadari ya haɗu takan rage yawan abin da take cakuɗawa. Duk wanda na karanta mata sai ta ce, "Ni ina yin haka?" Aka kafa kwalin a bango, kuma da shi aka koyar da duk wadda ta zo bayana.

A watan Nuwamba, makonni kaɗan bayan an ba ni fentina, fari, Malam ya tara mu ya ce zai koma Kauru ya riƙe wani ƙaramin sito inda ake ajiye rediyon kafin a raba wa makarantu. Ya ce shi ya nema, yana so ya kusanci gonarsa, ƙafafunsa sun gaji da siminti. Muka yi masa liyafa da shinkafa da naman akuya, Laraba ta ja waƙa, Mama ta ba shi ƙullin busasshiyar citta. Na so in yi masa godiya, sai na rasa a kan me zan ce na gode, tunda a wurinsa ba abin da ya faru.

Abin da na ɗauka daga wannan mako shi nake ba ku. Rabin sana'ar nan yana hannun mutanen da ba za su iya faɗa muku shi ba, ko kun tambaye su, domin su ma ba su san suna da shi ba. Takarda tana faɗin abin da marubucinta ya tuna ne kawai. Ku karanta ta, sannan ku je ku zauna kusa da wadda ta daɗe, ku yi shiru ku kalla. In kuma sabo ya yi ɓarna, kafin ku tambaye shi me ya yi, ku tambayi kanku me kuka manta ba ku nuna masa ba.

Mama Asabe ta yi shekara tara a kan kujerar nan bayan wannan, 'yan matanta biyu duka suka gama makaranta, ɗaya ta zama nas. Ni kuma na bi matakan har na zama foman. A 1988 aka rufe wurin, aka ce in tattara tsofaffin takardu in ƙone waɗanda ba a bukata. A cikin wani fayil da gara ta ci gefensa na ga kwafin rahoton wannan Litinin. A layin dalilin ɓarna an rubuta cewa ba a juya gam ba kafin a ɗiba. A layin sunan wanda ya haɗa, Malam ya buga nasa sunan. An maƙala amsar Kaduna a baya, layi uku: tunda foman ne da kansa, ba za a sallame shi ba saboda daɗewarsa, amma an rage masa mataki, kuma zai bar Kafanchan zuwa sito da zarar an sami madadinsa.

Lokacin shekararsa uku da rasuwa. Na nemi matarsa a wani taron ikilisiya na tambaye ta labarin gonarsu ta Kauru. Ta dube ni da mamaki, ta ce ba su taɓa mallakar ko kunya ɗaya a can ba, haya suka zauna har ya yi ritaya.